Dorugu: Yaron Damagaram da ya riga mu zama a Ingila

Mai karatu, a hutun ƙaramar Salla da ya gabata na je gida Kebbe, a kan hanyata ta dawowa kuma na yada zango a Tambuwal wajen yayata, saboda ɗanta na fari ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila, ana ta shirye-shiryen tafiyarsa. Bayan sallar isha'i yaron ya zo ya durƙusa a gefen tabarma, ya ce tunda ni kawunsa na taɓa zama can, yana so in faɗa masa yadda ake zama da mutanen ƙasar. Ita kuwa Yaya, daga bakin ƙofar ɗakinta, damuwarta guda ce, kada a dawo mata da ɗa ya zama wani mutum daban. Na ba shi abin da ya sawwaƙa na shawara, irin su rigar sanyi da kiyaye lokaci da neman masallaci mafi kusa, amma har na kwanta ina jin ban biya masa buƙata ba. Ina cikin juyi a shimfiɗa sai wani mutum ya faɗo mini a rai, wanda ya riga mu duka shiga wannan hali da fiye da shekara 160, wanda kuma ya taɓa kwana a Gwandu, nan maƙwabtan inda nake kwance, lokacin yana ɗan shekara goma sha uku ko makamancin haka. Sunansa Dorugu.

Duk shekara idan na zo koyar da tarihin rubutun boko nakan tambayi ɗalibaina wanda ya fara rubuta cikakken nahawun Hausa da haruffan Turawa, sai aji ya amsa baki ɗaya cewa J.F. Schön ne. Idan na ƙara tambayar daga bakin wa Schön ya ɗebo Hausar, sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Laifin namu ne malamai, domin mun haddace sunan mai alƙalami mun bar na mai bakin.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Ɗan talakawa ne manoma, kuma bai wuce shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu ba aka kai hari yankinsu aka kama shi. Aka kai shi Zinder, daga nan aka yi gabas da shi zuwa Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, ya shiga hannun wannan ya fita ya shiga na wancan. Ina so mai karatu ya riƙe wannan gaɓar, domin za mu dawo kanta. Bature James Richardson, wanda ya sauka a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda masu mulkin garin a lokacin suke kai hari kan ƙauyukan da ke ƙarƙashinsu su kamo mutane su sayar don biyan basussuka. Wato waɗanda suka raba yaron nan da uwarsa da ubansa alƙibla ɗaya suke fuskanta da mu.

Shi Richardson ɗin shi ne shugaban wata tawaga da gwamnatin Birtaniya ta turo, wadda ta taso daga Tarabulus a 1850, tare da Jamusawa biyu, Adolf Overweg da Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Richardson ya rasu a watan Maris na 1851 kafin ya isa Kukawa. A Kukawa ne Dorugu ya fara yi wa Overweg hidima, daga baya Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Ba a jima ba shi ma Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma wajen Barth. 'Yantattu ne a shari'a, amma yaron da ba shi da ko sisi, gidansu kuma yana can bayan dajin da aka kamo shi a ciki, ina zai nufa in ba bin mai raƙumi ba?

A ƙarshen Nuwamban 1852 Barth ya juya akalarsa yamma yana nufin Tambutu, Dorugu na biye. Suka bi ta Zinder da Katsina, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka zauna a Wurno da Sakkwato, sannan a watan Mayu na 1853 suka sauka a Gwandu. Wanda ya san ƙasarmu ya san tsakanin Gwandu da Tambuwal tafiya ce da mai ƙafa ke yi a yini ɗaya har ya huta. Lokaci ne na rashin kwanciyar hankali a wannan yanki, domin tun 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa, hanyoyin da suka nufi Kwara duk sun zama abin tsoro. Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi bai yarda ya ga Barth ido da ido ba, amma a garin ne Baturen ya samu aron kwafin Tarikh al-Sudan, ya zauna ya kwafi abin da ya iya kwafa daga ciki, abin da daga baya ya buɗe wa Turai ido game da daular Songhai. Nakan yi tunanin yaron nan a waɗannan kwanaki, yana ɗebo ruwa yana kiwon raƙuma, yana jin Sakkwatancin kakanninmu a kasuwa, ba shi da labarin cewa shi ma wata rana za a zauna a gabansa da alƙalami ana rubuta abin da ya faɗa.

Suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu a watan Satumba na 1853, suka shafe watanni a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmad al-Bakka'i. A 1854 suka dawo ta Gwandu da Sakkwato da Kano har Kukawa. A watan Mayu na 1855 suka fuskanci Sahara, a watan Agusta suka isa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa ta Malta zuwa Faransa, suka ratsa ta Faris. Ranar 6 ga Satumba, 1855 suka shiga Landan. Dorugu yana da kimanin shekara 15.

To, a nan ne nake so in daɗe, domin nan ne abin da ɗan yayata ya tambaye ni. Cikin manyan biranen da yaron nan ya taɓa gani a Afirka akwai Kano, wadda Barth ya ƙiyasta mazaunanta da mutum 30,000, sai in fatake sun cika gari da rani adadin ya ninka. Landan kuwa, a ƙidayar 1851, ta haura mutum miliyan 2. Gari ne da hayaƙin kwal ke rufe rana, da dare kuma fitilun gas ke haska tituna, kekunan dawaki na kai da kawo ba tsayawa. Wanda ya tashi yana auna yini da hantsi da azahar da la'asar ya faɗa cikin mutanen da ke auna shi da minti, saboda jirgin ƙasa ba ya jiran kowa. Ranar ma da ya saba dogara da ita ta sauya hali, domin a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, a watan Yuni kuwa har bayan ƙarfe 9 na dare akwai haske. Bayan 'yan makonni Barth ya ɗauke su zuwa Jamus, suka ga danginsa a Hamburg, suka je Berlin da Gotha, sannan suka komo Ingila cikin sanyin hunturu na farko a rayuwarsu. Sanyin da Bahaushe ya sani na ɗari ne, wanda hantsi ke kora. Wannan kuwa ba ya jin hantsi.

Abin da ya fi jan hankalin masu nazari a labarin da Dorugu ya bayar na zamansa can shi ne bayanin da ya yi dalla-dalla game da yadda manyan Ingila ke cin abincin dare idan sun gayyaci baƙi. Ga wanda bai sani ba, al'adar masu hali a zamanin Sarauniya Biktoriya ita ce baƙi su taru a ɗaki guda, idan abinci ya kammala kowane namiji ya riƙo hannun macen da aka haɗa shi da ita, sau da yawa matar wani, su shiga ɗakin cin abinci bi da bi. Ana kawo abincin kashi-kashi, romo daban, kifi daban, nama daban, kayan zaƙi daban, kowanne da faranti da cokalinsa. Idan an gama uwargida ta tashi da sauran mata su koma wani ɗaki, maza su tsaya su sha abin shansu su yi hira, daga baya su tarar da matan a sha shayi. Yanzu mai karatu ya ɗora wannan a kan abin da yaron ya baro, inda maza ke kewaye akushi guda a zaure, mata na can cikin gida da nasu, miji ba ya cin abinci da matarsa balle da matar wani, yaro ba ya fara kai hannu ga nama, surutu a kan abinci rashin tarbiyya ne, hannun hagu kuwa ba ya kusantar kwano. Sai ga shi a inda ake riƙe cokali mai yatsu da hagu a kai baki, kuma wanda ya yi shiru a tebur shi ne marar ladabi. Kusan duk abin da aka koya masa a matsayin kunya ya tarar an kifa shi.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya ɗauki lamarin. Ya lura da wanda ke fara shiga da wanda ke bi, da abin da ake fara kawowa da abin da ke biyo baya, ya jera su yadda wanda bai taɓa gani ba zai fahimta, ba tare da ya tsaya tsine wa mutanen ba, ba kuma tare da ya ruɗe ya raina nasa ba. Barth ya zo ƙasarmu ya ƙare mana kallo, ya koma ya rubuta littafi mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858, har da zanen hoton Dorugu da Abbega a ciki. Shi kuma yaron da ke ja masa raƙumi ya je ƙasarsu ya ƙare musu kallo da irin wannan idon, ya kuma faɗi abin da ya gani da Hausa. A ganina wannan ita ce hikimar farko ta zaman baƙunta: ka san cewa abin da kake gani tsari ne mai ƙa'idojinsa, ka koyi ƙa'idojin kamar yadda ake koyon nahawun wani harshe, ka yi aiki da su inda ya kamata. Koyon nahawun Larabci bai taɓa sa wani ya manta Hausa ba.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin in gane haka. Lokacin da na je Landan na 'yan watanni don binciken digirina na uku, akwai wani dattijo da ƙofarsa ke kallon tawa. Kullum da safe in na gan shi sai in tsaya in gaishe shi irin gaisuwar Kebbe, in tambayi kwanansa da gajiyarsa da iyalinsa da sanyi. Bayan mako guda na lura in ya ji motsin ƙofata sai ya dakata a ciki har in wuce. Daga baya wata ma'aikaciyar gidan ta fahimtar da ni cewa bawan Allah ya ɗauka wata buƙata nake sharar fagen roƙo, tunda a wajensu ba a tambayar iyalin mutum haka kawai. Na rage gaisuwar ta koma ɗaga kai da kalma biyu a kan yanayin gari, sai ga shi mun shaƙu, har ranar da zan taho ya kawo mini kyautar littafi. Haka kuma wani malami ya gayyace ni cin abinci ƙarfe 7, na isa 8 da rabi ina ganin na yi sammako, na tarar har an kwashe kwanuka. Ni da na je da digiri biyu da wayar salula a aljihu ke nan, kuma na riga na ɗanɗani baƙunta a Kano, inda abokan karatu suka shekara suna kwaikwayon Sakkwatancina. Ina ga yaron da ya je ba ya jin Ingilishi, ba shi da wanda zai tambaya sai Abbega, wanda shi ma baƙo ne?

Barth ya yi niyyar mayar da yaran gida, har an shirya tafiyarsu ta Tarabulus a farkon 1856. A nan Schön ya shigo. Shi ma Bajamushe ne, ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya yi aiki a Saliyo, ya kuma bi tawagar da ta shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya tsinci Hausarsa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, waɗanda da yawansu sun daɗe da rabuwa da gida, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zama limamin kirista a asibitin sojan ruwa da ke Chatham, kudu maso gabas da Landan. Mutumin da ya shekara goma sha yana neman Bahaushe na ainihi, sai ga Bahaushe ya zo har ƙofar gida. Ya shawo kan yaran suka fasa tafiya suka koma gidansa. Barth ya fusata ƙwarai, aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi, kuma rashin jituwar ta bi su har cikin rubuce-rubucensu. Manyan masana biyu suna jayayya a kan wa ya fi cancanta ya riƙe yaro, kowannensu kuma yana da littafin da yake son kammalawa.

Abbega ya komo Afirka a 1857. Dorugu ya zauna har 1864, wato shekara takwas da ɗoriya, mafi yawansu a gidan Schön. A can ya koyi karatu da rubutu, ya iya Ingilishi, ya zama ɗan gida a garin ma'aikatan jiragen ruwa. Yana ƙasar aka yi warin nan na kogin Thames a 1858 da ya tilasta wa majalisa gina manyan magudanan ƙazanta, yana nan agogon Big Ben ya fara bugawa a 1859, yana nan aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Janairun 1863. Aikinsa na kullum kuwa shi ne ya zauna ya yi magana Schön na rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, karin magana, sunayen abubuwa, da gyaran fassarar da Schön ke yi ta sassan Baibul. Daga wannan zama aka samu littafin koyon karatu na 1857, da nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da kuma Magana Hausa na 1885, wanda ya ƙunshi labarin Dorugu da bakinsa. Faransawa sun ba Schön lambar Volney a 1877 saboda aikinsa kan Hausa, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Don a yi masa adalci, bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya ambace shi ya kuma yaba masa. Amma lambar da digirin sunan mutum ɗaya suka ɗauka.

A matsayina na ɗalibin harshe, darajar wannan aiki a wajena ta wuce ta tarihi. A wancan zamani malamanmu suna rubutu da ajami, amma galibin abin da suka rubuta da Hausa waƙa ce ta wa'azi da ilmantarwa, irin ta su Nana Asma'u, wadda tana raye lokacin da Dorugu ya ratsa Wurno da Sakkwato, ta kuma rasu a 1864, shekarar da ya baro Ingila. Zube kuwa da Larabci ake yin sa. Saboda haka maganar yau da kullum ta talaka, yadda yaron ƙauye ke ƙulla jimla a shekarun 1850 kafin kalmomin Ingilishi su kwararo cikin harshen, ba mu da wata taska tata da ta kai wadda Dorugu ya bari. Sai dai kunnen Schön bai kama komai ba. Bai bambanta ƙ da k ba, ko ɗ da d, ko ɓ da b, bai kuma nuna tsawon wasali da karin sauti ba. A rubutunsa bakin da ake magana da shi, da baƙin launi, da baƙin da suka zo daga nesa, duk siffa ɗaya suke ɗauka. Nakan yi murmushi in na tuna cewa kalmomin nan uku da suka cakuɗe a alƙalamin Schön su ne suka taru a kan yaron da ke zaune gabansa. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarin cikin Ingilishi tare da sharhi a littafinsu West African Travels and Adventures, wanda ya sake jawo hankalin duniya gare shi.

Akwai kuma wahalar da mai fassara kaɗai zai gane. Kalmomin da muke faɗa yau ba tare da tunani ba, irin su jirgin ƙasa da tasha da cokali mai yatsu da dusar ƙanƙara, ba su zauna a harshen ba tukuna. Duk abin da ya gani sai ya nemo masa kwatanci daga gona da kasuwa da zangon fatake. Mu da muke zama a kwamiti mu shafe yini muna gardama a kan fassarar kalma guda, ya kamata mu san cewa wani saurayi ya yi irin wannan aiki shi kaɗai a ƙasar da ba mai gyara masa.

Yanzu sai gaɓar da na san za ta sa wasu masu karatu su ɗaure fuska, ita ce kuma ainihin fargabar yayata. A 1857 an yi wa Dorugu da Abbega baftisma, Dorugu ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton. Na sha jin abokan aiki suna kawar da zancensa da cewa ai ɗan mishan ne. A matsayina na Musulmi abin yana yi mini ciwo, amma ina ganin kafin mu ɗora wa yaron laifi sai mu koma gaɓar da na ce a riƙe. An raba shi da iyayensa kafin ya yi wani karatu mai zurfi. Waɗanda suka kama shi da waɗanda suka saye shi suka sayar duk masu salla ne. Mutum na farko da ya biya kuɗi don ya sake shi Nasara ne. Sannan ya tsinci kansa yana ɗan shekara 16 a gidan limamin kirista, ci da sha da sutura duk daga hannunsa, a ƙasar da ba a gina masallaci na farko ba sai 1889 a garin Woking, shekara 25 bayan ya bar ta. Schön yana da manufarsa, ba kuma ya ɓoye ta, kuma bai kyauta ba da ya yi amfani da maraicin yaro. Amma da jama'arsa sun riƙe shi da daraja, da bai isa hannun Schön ba tun farko. Abin da na faɗa wa Yaya washegari ke nan, cewa ɗanta zai tafi da saukar Alƙur'ani a ka, da uwa da zai kira kullum, zai kuma tarar da masallatai da 'yan uwa a kowane babban gari. Abin da zai riƙe shi can shi ne abin da aka riga aka ba shi a nan.

Ya kamata kuma mu tuna tazarar da ya ba na bayansa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero sun je a 1934. Abubakar Imam ya je a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Duk waɗannan sun je a matsayin manyan baƙi, da masu tarba da tafinta da ranar dawowa. Dorugu ya riga Imam da shekara 88, kuma shi zama ya yi.

Da ya dawo a 1864 bai koma Dambanas ya zauna ba. Ya yi rayuwarsa a matsayin tafinta, yawanci a yankin Lakwaja, inda matafiyin nan Bajamushe Gerhard Rohlfs ya same shi a 1867. Wannan ita ce baƙunta ta biyu, wadda ba a cika faɗa wa masu tafiya ba: ka dawo ka tarar kana jin harshen kowa, amma kowane ɓangare na ɗaukarka na ɗaya ɓangaren. Abokin tafiyarsa Abbega ya fi shi samun gindin zama, domin a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama sarkin Lakwaja. Ta wajensa ma labarin ya sake zagayowa ƙasarmu, saboda jikansa ta wajen uwa, Maimaina, a Jega aka haife shi a 1874, nan gaba kaɗan da Tambuwal a kan titin da muke bi kullum. Maimaina ya yi wa Turawa aiki a lokacin da suke cin ƙasar, daga baya ya zama Sarkin Askira a kudancin Barno, kuma labarinsa shi ne kashi na biyu na littafin Kirk-Greene da Newman.

Bayan Turawa sun kafa mulki a Arewa, Dorugu ya yi aiki da su, sannan da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya ɗauko shi ya zama cikin malamanta. Tsoho mai kimanin shekara 70 ya zauna yana koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai haruffan da aka fara gwadawa a kan muryarsa yana saurayi. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, jama'a suka yi dafifi suna kallon abin al'ajabi, shi kuwa ya shiga irinsa shekara 56 da suka wuce. A 1912 Vischer ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa, a ƙarshen shekarar kuma Dorugu ya rasu a Nasarawa. Isabelle, matar Vischer, ta rubuta labarin rasuwarsa a littafin tunawa da zamanta a Arewa. Cikin kayan da aka tarar ya bari akwai tarin tabarau da tufafin da Turawa daban-daban suka ba shi tsawon shekaru, ya adana su bai rabu da su ba.